Waƙa, Taro da Iko: Tsokaci a Kan Yadda Aka Karɓi Littafin Sarah Pinsker

Gabatarwa

Kowane littafi yana da ranar da aka rubuta shi, yana kuma da ranar da aka karanta shi, sau da yawa kuwa ranar karatun ce ke yanke masa hukunci. Marubuci yakan ƙulla labarinsa da wata manufa a zuciya, amma da zarar littafin ya shiga kasuwa sai al'amuran duniya su gitta tsakaninsa da mai karatu, har a wayi gari ana yabonsa ko ana kushe shi a kan abin da shi marubucin bai ɗauka da girma ba. Irin wannan ƙaddara ce ta sami wani ƙagaggen labarin kimiyya mai suna A Song for a New Day, watau waƙa domin sabuwar rana, wanda wata Ba'amurkiya mai suna Sarah Pinsker ta rubuta. An buga shi a watan Satumba na 2019, yana ba da labarin wata Amurka da aka haramta taron jama'a a cikinta saboda annoba da hare-hare. Bayan wata shida kacal, a ranar 11 ga Maris 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar korona a matsayin annobar da ta game duniya, aka rufe makarantu da filayen wasa da gidajen kiɗa.

Tun daga wannan lokaci ra'ayoyin masu karatu game da littafin suka rabu. Ra'ayin da za a kare a wannan maƙala shi ne, yawancin waɗanda suka yabe shi da waɗanda suka yi ɗari-ɗari da shi duk annoba suka tsaya kallo, alhali kuwa annobar share fage ce kurum a cikin labarin. Abin da littafin ya sa a gaba shi ne tambayar wane ne ke riƙe da filin da mawaƙi ke haɗuwa da masu sauraronsa, kuma wane ne ke cin riba idan dokar da aka kafa don tsare rayuka ta zauna daram bayan dalilinta ya gushe.

Labarin a Taƙaice

Ƙagaggen labarin kimiyya ba baƙo ba ne ga ɗalibin Hausa, tun da akwai Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda aka buga a 1969. Sai dai littafin Pinsker ba ya cikin masu kai mai karatu sararin samaniya. Yana cikin reshen nan da ke ɗaukar rayuwar yau ya tura ta gaba kaɗan, don a ga inda hanyar da ake kai za ta ɓulle.

A cikin labarin, an yi ta kai hare-hare a wuraren da jama'a ke taruwa, sa'an nan wata annoba irin ta agana ta biyo baya ta kashe mutane masu yawa. Gwamnati ta kafa dokokin hana taro, kowa ya shige gida. Karatu da aiki da ciniki da zumunci duk suka koma ta intanet, ta hanyar wata riga mai hula wadda in mutum ya rufa ta a kansa sai ya tsinci kansa a wata duniya ta hoto. Kamfanoni biyu suka fi kowa cin moriyar wannan hali. Na farko shi ne Superwally, wanda ke sayar da kusan kome, ya kai wa mutum har ƙofar gida da ƙananan jirage marasa matuƙi. Na biyu shi ne StageHoloLive, wanda ya tattara mawaƙa a harabarsa, suna kiɗa gaban na'urorin ɗaukar hoto, ana watsa wa masu sauraro siffarsu, kowa yana ɗakinsa yana jin kamar yana tsakiyar taro.

Taurarin labarin mata ne biyu. Luce Cannon mawaƙiya ce mai kaɗa jita, wadda sunanta ya fara fitowa ke nan sai dokar ta zo, har ya zamana wasan da ta yi a wani dare shi ne babban taron kiɗa na ƙarshe kafin a rufe kome. Daga baya ta buɗe wani wurin kiɗa na ɓoye a ƙarƙashin wani gida a birnin Baltimore, inda mutane ke satar jiki su zo su ji kiɗa ido da ido. Ita kuwa Rosemary Laws budurwa ce da ta tashi a wata gona nesa da gari, tana ƙarama aka kafa dokar, saboda haka ba ta san cunkoson jama'a ba sai a labari. Tana yi wa Superwally aiki daga ɗakin kwananta, har ranar da ta halarci wani wasan StageHoloLive ta cikin hularta, kiɗan ya ratsa ta, ta nemi aiki a kamfanin. Aka ɗauke ta a matsayin mai farauto sababbin mawaƙa, watau ta shiga gari ta gano wuraren kiɗan ɓoye, ta zaɓo gwanaye ta kawo wa kamfani. Zuwanta Baltimore ya ƙare da samamen 'yan sanda da rufe wurin Luce. Daga baya ta gane cewa abin da ya faru ba tsautsayi ba ne, al'adar kamfanin ce: in ya kwashi mawaƙan da yake so, sai a tona asirin wurin a rufe shi, don kada ya haifar da wani abokin gasa.

Marubuciyar ta ba Luce damar ba da labarinta da bakinta, amma ɓangaren Rosemary mai ba da labari ne ke kawo shi. Wannan zubi ya dace da halin kowaccensu, domin ɗaya ta san muryarta, ɗaya kuwa tana kan nema.

Masu Cewa Duba Ne

Kashi na farko na masu karatu, kuma su suka fi yawa a 2020, su ne waɗanda suka ɗauki littafin tamkar aikin malamin duba. Ba za a ga laifinsu sosai ba, domin biri ya yi kama da mutum. Ranar 6 ga Maris 2020 aka soke babban bikin kiɗa na South by Southwest a birnin Austin. A watan Afrilu mawaƙin nan Travis Scott ya yi wasa a cikin wasan kwamfuta na Fortnite, mutum fiye da miliyan 12 suka halarta a lokaci guda, kowa daga gidansa. Daɗin daɗawa, sunan wurin kiɗan Luce a cikin labarin shi ne 2020. Sa'ad da littafin ya ci kyautar Nebula, wadda ƙungiyar marubutan labaran kimiyya ta Amurka ke bayarwa, a ƙarshen watan Mayu na 2020, bikin kansa ta intanet aka yi shi don ba halin taruwa.

Duk da haka, wannan yabo ya rage wa littafin daraja fiye da yadda ya ƙara masa. Da fari dai, duk abin da ke cikin labarin yana nan a fili kafin 2019 ga wanda ya buɗe ido. A watan Nuwamba na 2015 an kashe mutum 90 a zauren kiɗa na Bataclan a Paris. A watan Mayu na 2017 bam ya kashe mutum 22 a ƙarshen wani wasan kiɗa a Manchesta, a watan Oktoba na shekarar kuma wani ɗan bindiga ya buɗe wuta a kan taron kiɗa a Las Vegas, mutum 58 suka mutu a daren. Cutar SARS ta 2003 da ta Ebola ta 2014 sun riga sun nuna yadda annoba ke hana mutane kusantar juna. Tun a 2012 an nuna siffar Tupac Shakur, wanda ya rasu a 1996, tana waƙa a dandalin bikin Coachella. Ita kanta Pinsker mawaƙiya ce da ta fitar da faya-faye, ta kuma yi yawon kiɗa a ƙananan wurare, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Hasali ma, tun a 2015 ta fito da Luce a wani gajeren labari mai suna Our Lady of the Open Road, wanda shi ma ya ci kyautar Nebula. Ke nan aikin da ta yi na lura ne da haɗa abubuwan da ke warwatse, wannan kuwa ya fi duba wuya.

Na biyu, in har a ma'aunin duba za a ɗora littafin, to, ya faɗi. A cikin labarin dokar hana taro ta haura shekara goma, amma a zahiri cikin kimanin shekara biyu yawancin ƙasashe sun ɗage ta. Mutane ba su zauna a gida sun wadatu da hoto ba. Yawon kiɗan da Taylor Swift ta yi daga 2023 zuwa 2024, mai wasanni 149, ya tara fiye da dala biliyan 2 daga kuɗin shiga. Wanda ya so littafin don ya yi daidai da watan Afrilu na 2020, tilas ya ajiye shi a 2023 ya ce zamaninsa ya wuce. Yabon da ke ɗaure littafi a jikin wata shekara guda, tare da shekarar yake binne shi.

Masu Ɗari-Ɗari da Saƙon

Kashi na biyu su ne waɗanda suka karanta littafin suna kulle a gida, wasu ma suna cikin zaman makoki, sai suka ga tauraruwar labarin tana tara mutane a ɓoye, suna gumi suna shaƙar numfashin juna, labarin kuma yana goyon bayanta. Suka ce wannan ai ɗaure gindi ne ga masu karya dokar lafiya. Wannan suka ta fi ta kowa nauyi, bai kuwa kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. A watan Maris na 2020, a wata gunduma ta jihar Washington, mutum 61 suka taru don gwajin waƙa, fiye da 50 suka kamu da cutar, biyu suka mutu. Rera waƙa a ɗaki rufaffe yana cikin hanyoyin da suka fi yaɗa ta. Wanda ya san wannan, in ya ji ƙyamar wurin kiɗan Luce, ba a ce ya yi wauta ba.

Amma akwai abin da wannan karatu ya tsallake, shi ne lokaci. Littafin bai raina annobar ba, ya nuna gawarwaki, ya nuna Luce ta rasa abokiyar kiɗanta a sanadiyyar cutar. Wurin kiɗan ɓoye da mai karatu ya shiga tare da Rosemary yana aiki ne bayan shekaru masu yawa, sa'ad da haɗarin ya ja baya amma dokar tana nan, domin an riga an gina dukiya a kanta, an kuma tashi yara da ba su san wata rayuwa ba balle su nemi a maido ta. Abin da labarin ke suka shi ne fakewa da guzuma a harbi karsana. Tarihi kuwa cike yake da irin wannan. An kafa dokar ta-ɓaci a Masar a 1981 bayan kisan Anwar Sadat, ba a ɗage ta ba sai a 2012, shekara 31 ke nan. A Amurka ma, dokar sa ido da aka zartar cikin gaggawa bayan harin 11 ga Satumba 2001 an yi ta sabunta wasu sassanta har shekaru da dama. Kafa dokar gaggawa ba ya ɗaukar mako guda, amma cire ta sai an yi da gaske, domin kafin a juya ta riga ta sami masu ci daga gare ta.

Inda ya kamata masu wannan suka su dafa, kuma da sun dafa da sun yi gaskiya, shi ne littafin bai tsaya a kan tambayar wane ne zai ce haɗari ya wuce ba. Luce ta yanke wa kanta hukunci cewa lokaci ya yi, labarin kuma ya shirya al'amura yadda hukuncin nata zai zama daidai. A rayuwa ta zahiri mutane da yawa sun yanke wa kansu irin wannan hukunci a 2020, suka yi kuskure, wasu suka biya da rayukansu. Wannan rauni ne na gaske a ginin labarin. Sai dai rauni ne a gefe, bai taɓa ƙashin bayan jigon ba.

Masu Neman Juyin Juya Hali

Kashi na uku sun fito ne daga cikin masoya labaran kimiyya na asali. Kokensu iri biyu ne: kimiyyar da ke cikin littafin ba ta da yawa, an cika shi da zancen jita da motar yawon kiɗa da gyaran amsa-kuwwa, sa'an nan ƙarshensa bai gamsar ba, tun da ba a kifar da gwamnati ba, ba a rushe kamfani ba. Luce ta koma kan hanya tana bin garuruwa da kiɗanta, Rosemary kuma ta zaɓi ta zauna a kamfanin ta gwada gyara daga ciki.

Waɗannan masu karatu sun zo da wata siffa ta iko a ransu, watau iko mai kaki da bindiga. Irin wannan iko yana nan, Nijeriya ma ta gan shi: a watan Fabrairu na 1977 sojoji kimanin 1,000 suka afka wa gidan Fela Anikulapo Kuti a Legas suka ƙone shi, bayan fitowar faifansa mai suna Zombie, aka jefo mahaifiyarsa ta taga, ta rasu a 1978. Labarin irin wannan arangama yana da sauƙin bayarwa, domin an san azzalumi an san wanda aka zalunta. Amma sau da yawa dukan mawaƙi ƙara masa suna yake yi, kamar yadda ya faru ga Fela.

Ikon da Pinsker ta zana ya fi wannan wayo. StageHoloLive ba ya dukan kowa. Yana ba mawaƙi albashi da masauki da kayan kiɗa masu kyau da masu sauraro miliyoyi, abin da wurin ɓoye ba zai taɓa ba shi ba. Ma'aikatansa mutane ne masu fara'a, waɗanda da yawansu suna son kiɗa tsakani da Allah, kamar Rosemary. Abin da kurum yake nema shi ne ya zama ƙofa ɗaya tilo tsakanin mai waƙa da mai ji. In an sami wannan, ba sai an hana wata waƙa ba, ya isa a ƙi buɗe mata ƙofa. Irin wannan iko ba shi da fadar da za a ƙona, saboda haka labarin da ya ƙare da ƙona fada ƙarya zai yi wa mai karatu. Ƙarshen da aka ce bai gamsar ba shi ne ya fi kusa da gaskiya.

Abin da Ya Rage Bayan Annoba

A nan ne littafin ya ci gaba da magana bayan korona ta lafa. Tun a 2010 kamfanin Live Nation, mai shirya manyan wasannin kiɗa, ya haɗe da Ticketmaster, mai sayar da tikiti, a watan Mayu na 2024 kuma Ma'aikatar Shari'a ta Amurka tare da jihohi da dama ta kai su ƙara bisa zargin kankane kasuwa. A 2024 ɗin dai kamfanin Spotify ya fito da ƙa'idar cewa waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba, ba za a biya mai ita kome ba. A Ingila da sauran sassan Birtaniya, ƙungiyar Music Venue Trust ta ba da rahoton cewa ƙananan wuraren kiɗa 125 sun rufe ko sun daina sa kiɗa a 2023, shekarar da manyan filaye ke cika maƙil. Ma'anar wannan ita ce taro ya dawo, amma ya dawo ne ga waɗanda suka riga suka yi suna, ta hannun 'yan kamfanoni kaɗan, ƙananan wuraren da sabon mawaƙi ke koyon tsayuwa gaban jama'a kuwa suna ta ƙarewa. Wannan shi ne ainihin abin da littafin ya yi kashedi a kai, ya kuma faru ba tare da wata dokar hana taro ba.

Idon Ɗalibin Waƙar Baka

Mai nazarin waƙar baka ta Hausa yana da wata dama wajen fahimtar wannan littafi wadda masu karatu da yawa a Amurka ba su da ita, domin darasin farko da ake koya masa shi ne waƙar baka a wurin aiwatarwa take rayuwa. Waƙar dambe irin ta Ɗan'anace ba ta cika sai ga 'yan dambe a fage, ana zuga wannan ana tsokanar wancan. Waƙar noma tana tafiya da saran fartanya a gayya. Mamman Shata ya shahara da ƙirƙirar ɗiyan waƙa nan take, gwargwadon wanda ya shigo fili da abin da ya faru a lokacin. 'Yan amshi da sanƙira da mai guɗa da wanda ya taso ya yi liƙi, dukansu suna da hannu a ƙirar waƙar. In aka ɗauke taron, abin da ya rage hoton waƙa ne na wani dare guda, kome kyansa. Saboda haka da Luce ta ƙi yarda cewa wasan cikin hula daidai yake da wasan cikin jama'a, ba taurin kai ne na tsohon hannu ba, magana ce da duk wanda ya taɓa kwatanta faifai da filin biki zai gaskata.

Haka kuma dangantakar mawaƙi da mai iko tsohon zance ne a ƙasar Hausa. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo sun rayu a inuwar iyayen gidansu, sun kuwa san kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma ko a wancan tsari fadoji suna da yawa, ga kasuwa ga biki ga tashar mota, makaɗin jama'a in ƙofa ɗaya ta rufe sai ya nufi wata. Sarki kuma a gaban jama'a ake yi masa waƙa, jama'ar suna jin habaicin da aka soka a ciki. Abin da ya sa duniyar Pinsker ta fi ban tsoro shi ne ubangida ɗaya ne ya rage, shi ke da fili, shi ke da ƙofa, shi kuma ke ƙidaya masu sauraro. A watan Afrilu na 2020, da aka sa dokar kulle a Kano aka tsai da bukukuwa, masu kalangu da maroƙa da 'yan amshi, waɗanda abincinsu ke hannun mahalarta taro, sun ɗanɗana kaɗan daga wannan hali, ba su kuwa da wani kamfani da zai ba su albashi.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Rediyo da kaset sun kai muryar Shata da ta Ɗanmaraya Jos ƙauyukan da ba su taɓa takawa ba, sun shigar da su cikin gidaje wurin matan da ba sa zuwa filin wasa. Wanda ke nesa, ko mara lafiya, ko wanda ba shi da kuɗin mota, na'ura ce ta ba shi rabonsa na waƙa. Littafin bai musa wannan ba, kuma nan ne amfanin Rosemary yake a cikin labarin. Kiɗan da ya fara motsa zuciyarta ta cikin hula ya zo mata, motsin kuwa na gaske ne. Masu karatun da suka ɗauki littafin a matsayin tsinuwa ga na'ura, rabinsa suka karanta, watau rabin Luce. Na'urar ba ta yi laifin kome ba da ta kai waƙa gonar su Rosemary. Laifin yana wuyan wanda ya sa a rufe wurin Baltimore don na'urarsa ta zama ita kaɗai.

Kammalawa

An ga yadda masu karatu suka kasu uku a kan wannan littafi: masu ganin duba ne, masu tsoron ya ƙarfafa karya dokar lafiya, da masu jin haushin rashin juyin juya hali. Kowane kashi ya kama wani abu, kashi na biyu ma ya kama rauni na gaske. Amma dukansu halin da suke ciki a 2020, ko abin da suka saba gani a wasu littattafai, shi ya tsaya musu a ido. Darasin da ke nan ga mai tarken adabi shi ne ya bambance abin da littafi ya ƙunsa da abin da ranar karatu ta ɗora masa, ya kuma sake komawa ga littafin bayan ƙura ta lafa. Wanda ya koma ga A Song for a New Day yanzu zai tarar zancen annoba ya zama tarihi, amma tambayar wane ne ke riƙe da ƙofar da ke tsakanin mawaƙi da jama'arsa tana nan ba a amsa ta ba. Tambaya ce da ta shafi mai jita a Baltimore, ta kuma shafi matashin da ke rera waƙa a ɗakin ɗaukar sauti a Kano yana jiran ya ga sau nawa za a saurare shi a YouTube. Ya kamata manazarta waƙar Hausa su fara yi wa zamaninsu wannan tambaya tun filayen biki da na dambe suna nan a hannun jama'a.